Daga Tibati Zuwa Fumbot: Neman Gahawa a Ƙasar Gahawa

Wani yaro ɗan aji shida ne ya jawo mini wannan tafiya, shi kuwa bai ma san ya yi ba. A watan Nuwamba na 2023 muna darasin labarin ƙasa, na rubuta a allo abubuwan da Kamaru ke nomawa ta sayar a ƙasashen waje: koko, gahawa, auduga, ayaba, roba. Ina juyowa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, gahawar nan ita ce ta cikin gwangwanin masu shayi?" Na ce e, ita ce. Ya ce, "To ai a jikin gwangwanin an rubuta Kwaddibuwa." Aji ya yi tsit. Na yi abin da malamai kan yi in an ƙure su, na ce ya zauna, za mu komo kan wannan wani lokaci.

Da dare na kasa barci. Shekara 20 ina rubuta wannan kalma a allo, ban taɓa ganin itacen gahawa da idona ba, ban kuma iya rantsuwa cewa na taɓa kurɓar wadda aka noma a ƙasar nan ba. Ga shi ɗan yayata yana da teburin shayi a tashar Tibati, kullum da safe nan nake karyawa. Na je na ɗauki gwangwaninsa na duba. Yaron nan ya yi gaskiya.

Da aka ba da hutun Disamba sai na je wurin wani Alhaji abokina, wanda ke ɗaukar busasshen kifin madatsar Mbakawu a cikin a-kori-kurarsa ya kai ƙasar Bamun, ya komo da tumatir da goro. Na ce ya ba ni kujerar gaba, ni kuma in sayi rabin mai. Ya tambaye ni me zan yi a can. Na ce zan je shan gahawa. Ya dube ni ya ce, "Malam, in albashi ne ya yi maka yawa, ai akwai mabukata a unguwa." Duk da haka ya yarda, da sharaɗin ba zai kwana ko'ina don gahawata ba. Ni kuma sharaɗina ɗaya ne, duk inda muka ga murhu da buta a bakin hanya zai taka birki in tambaya.

Mun tashi bayan sallar asuba. Daga Tibati zuwa Banyo kilomita 100 ne da 'yan kai, amma wanda ya san hanyar nan ba ya ƙidaya ta da kilomita. Jar ƙasa ce, da damina taɓo, da rani ƙura da gargada. In babbar mota ta wuce sai ka ɗaure hanci da rawani ka jira duniya ta dawo. Mun tsaya sau 3 kafin Banyo, ko'ina abu ɗaya ne: tebur, benci, babbar buta a kan gawayi, burodi a leda, madarar gwangwani, sai ɗan gwangwanin garin nan da kowa ke kira Nescafé ko da wane kamfani ne ya yi shi. In ka ce gahawa, mai shayi ya ɗebo da bakin cokali, ya zuba ruwan zafi, ya kwarara madara har launin ya koma na kunun gyaɗa. Ba na raina wannan, da shi na girma, kuma da sanyin asubar Adamawa yana da ranarsa. Amma ba shi na fito nema ba.

Banyo gari ne mai tarihi. Dutsen Jumbal na tsaye a kansa, can ne Jamusawa suka ja daga har Ingilishi suka fitar da su a 1915. Ta nan kuma kakanninmu fatake suka riƙa bi da jakuna zuwa ƙasashen goro na kudu, shi ya sa Hausa ba baƙuwa ba ce a kasuwar garin. A bakin kasuwa wani dattijo ya gaya mini akwai wani mutumin Cadi da kan zo ranar cin karar shanu da butarsa, yana dafa gahawa da citta da kanumfari, ya zuba wa Larabawan shanu a finjali. Na ce ina yake? Ya ce ai yau ba ranar kara ba ce. Na dubi Alhaji, Alhaji ya dubi sama. Nan muka kwana, ba don gahawa ba, don taya ta yi faci biyu.

Washegari muka kama hanyar Fumban, wadda ta haura kilomita 200. Muka wuce Mayo Darle, inda aka haƙi kuza tun zamanin Faransa, daga nan hanya ta fara gangara. Wannan gangara ita ce iyakar ƙasar da na sani. A sama ciyawa ce da shanu da iska mai sanyi, a ƙasa kuwa, a filin Tikar, sai zafi mai danshi da manyan itatuwa da kwakwar manja. Alhaji ya sa mota a giya ta ɗaya, yana salati, ƙamshin birki na tashi. Da muka sauka lafiya sai ya nuna mini wasu gajerun itatuwa masu duhun ganye a inuwar manya, ya ce, "Ga abar taka nan." Sau nawa na ga hotonsu a littafi, amma da bai nuna mini ba da na wuce su.

Na sa ya tsaya. 'Ya'yan suna manne a jikin reshe cunkus, wasu kore, wasu ja kamar cikakkiyar magarya. Na tsinki ɗaya na tauna, ɓawon da ɗan zaƙi-zaƙi, a ciki ƙwaya biyu suna fuskantar juna kamar ɓarin goro. Wannan ita ce robusta, gahawar ƙasa mai zafi. Ta fi juriya, ta fi ɗaci, kuma sinadarin nan mai hana barci ya kusa ninka na 'yar'uwarta arabika a cikinta. Irinta aka fi yin garin gwangwani da ita.

Abin da na gani a Bankim shi ne ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Lokacin tsinka ne, kusan kowane ƙofar gida an baza gahawa tana shanya, wata a kan tamfol, wata a daɓen siminti, wata a ƙasa kawai, awaki na ratsawa. Ta yi baƙi, tana wani wari mai tsami-tsami. Yara na juya ta da ƙafa. A tasha muka zauna teburin wani mai shayi Bahaushe, tsakanin bencinsa da shanyar maƙwabcinsa bai fi taku 5 ba. Na ce masa, "Ɗan'uwa, a ba ni gahawa, amma ta garin nan." Ya ce, "Wace ta garin nan, Malam?" Na nuna masa shanyar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira na kusa da shi ya ce ya zo ya ji. Ya ce, "Malam, wannan ai ba ta sha ba ce, ta buhu ce." Sa'an nan ya buɗe gwangwani.

Na daɗe ina juya maganar nan tasa, don ban ga laifinsa ba. Wadda ke shanya sai an kai ta inji an ɓare, an zuba a buhu, an auna a sikeli, an kai Duwala, an sa a jirgin ruwa. Can wata ƙasa a soya ta, a niƙa, a dafa, a busar da ruwan ya koma gari, a zuba a gwangwani, sa'an nan ta dawo ta sami mai shayin Bankim. Shi kuwa yana da mutum 10 a benci, kowa na sauri mota za ta tashi, ina ya ga lokacin suya da daka? Garin gwangwani ba ya son komai sai ruwan zafi.

Muka wuce Magba, kusa da madatsar ruwan Mape, inda Alhaji ya tsaya jin farashin kifi wurin 'yan'uwansa masu sana'a, muka hau kwalta, jiki ya huta. Da la'asar muka shiga Fumban. Ba zan tsawaita kan wannan gari ba, da yawa daga cikinku sun san shi, wasu ma can aka haife su. Fadar da Sarki Njoya ya gina a 1917 tana nan da jan tubalinta. Shi ne sarkin da ya ƙago wa mutanensa rubutu nasu na kansu, shi ne kuma ya nemi gudunmawar Lamidon Banyo Umaru a ƙarshen ƙarni na 19 sa'ad da aka yi masa tawaye, wanda ta nan Musulunci ya sami ƙofar shiga ƙasar Bamun. Hanyar da muka biyo da kifi, kusan ita mahayan Banyo suka biyo.

A Fumban na shiga wurare 4 masu allo a ƙofa an rubuta kafeteriya. Ku dubi sunan, daga kafe aka samo shi. Abin da ke ciki kuwa wainar ƙwai da taliya, burodi, sai gwangwani. A na ƙarshen yaron da ke suya ya ce in ina son irin ta Turawa in tafi babban otal, ko Bafusam, ko Yawunde. Gaskiya ya faɗa, a manyan birane akwai wuraren da ke dafa ta gida, kuma ƙungiyar manoma ta UCCAO da aka kafa a 1958, mai hedkwata a Bafusam, tana soya gahawa ta niƙa ta sayar a ƙulle. Amma ni abin da nake so in sani shi ne ko talakan da ke zaune a gindin itacen yana shan ɗiyansa.

Da safe muka sauke kifi muka nufi Fumbot. A Kutaba akwai gidan masu zuhudu na ɗarikar Katolika, waɗanda suka zauna a wata tsohuwar gonar gahawa tun 1968. Muka ratse na sayi ƙulli ɗaya na garin gahawarsu. Ƙamshin ya cika motar har ya danne ƙarnin kifi. Alhaji ya ce, "Ikon Allah! Ka fito neman abin shan Larabawa, ka same shi a hannun Fada." Na ce masa ai abin bai yi nisa da asalinsa ba. Itacen daga Habasha yake, amma waɗanda aka fara sani da shan ta sufayen Yaman ne, a ƙarni na 15, don ta taimake su raya dare da zikiri. Masu tashin dare ga ibada dai ba su rabu da ita ba. Ya ce shi goro ya ishe shi.

To ƙulli a hannu ba finjali a baki ba ne. Wani ɗan acaba da muka tambaya a mararraba ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye a gindin dutsen Mbapit, mutane na yi masa dariya wai yana shan gahawarsa kamar Bature. Alhaji ya ce tumatir ba ya jira. Na tuna masa sharaɗinmu, ya ce sharaɗin na bakin hanya ne, wannan kuwa cikin daji ne. Muka yi ta ja, ƙarshe na ƙara masa lita 5 ta mai, ya karya kan mota.

Ƙasar wajen nan baƙa ce wuluk, tokar tsofaffin duwatsu masu aman wuta, ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Tudu ne da ya haura mita 1,000, irin wurin da arabika ke so. Nan Faransawa suka buɗe manyan gonakinta tun wajen 1930, kuma a zamaninsu ba kowane baƙar fata ke da izinin dasa ta ba, sai wanda hukuma ta yarje wa, har zuwa shekarun 1950 da aka saki abin. Na zaci zan ga gahawa hagu da dama. Abin da na gani masara ce da wake da tumatir da kabeji, iyakar ganinka. Jefi-jefi ka hangi kututture a tsakiyar kunya.

Mun sami tsohon a bayan gidansa yana juya shanya a kan wani gado na gora. Ya haura 70, yana jin Hausa sarai irin ta kasuwar Fumban. Muka gaisa, na ce, "Baba, daga Tibati na zo, an ce kai ne mai shan gahawa." Ya ce, "Wa ya aiko ka, gwamnati?" Na ce a'a, ɗan makaranta ne. Na ba shi labarin yaron da gwangwani. Bai yi dariya ba. Ya kira jikarsa ya ce ta hura wuta.

Ya fara nuna mini aikin. Shi ba ya shanya arabikarsa da ɓawo kamar yadda na gani a Bankim. Jajayen kaɗai ake tsinka, ɗaya-ɗaya, a ranar a murje ɓawon da ɗan injin hannu, a bar ƙwayar ta kwana ɗaya ko biyu yauƙin jikinta ya saki, a wanke, sa'an nan a shanya. Bayan ta bushe akwai sauran wata 'yar riga mai kama da takarda, ita ma sai an surfe ta. Ya ce kilo 5 ko 6 na jajayen 'ya'ya ke ba da kilo ɗaya na tsaba. Ya zuba mini tsabar a tafin hannu, launinta kore-kore mai toka, ba ƙamshi ko kaɗan, kamar ɗanyen wake.

Jikar ta ɗora kasko a wuta, ya zuba tsaba kamar cikin tafi biyu, ya karɓi muciya da kansa, ya ce wannan aiki ba a barin yaro da shi. Yana juyawa ba tsayawa. Ta koma ruwan ɗorawa, ta koma ja, hayaƙi ya tashi, sai muka ji tana ƙara ƙas-ƙas kamar gugguru. Ya ce, "Ka ji? Ta yi magana. In ka bari ta yi ta biyu ta daɗe, gawayi za ka sha." Ya juye a faifai, ya fifita, ƙaiƙayin ya tashi. Aka daka a ƙaramin turmi, aka zuba a ruwan da ya tafasa aka sauke, ya rufe ya bar ta ta kwanta, sa'an nan ya tace da wani tsabtataccen ƙyalle cikin kofunan tangaran guda 3, ɗaya ma ba mariƙi.

Na nemi sukari, ya ce in fara kurɓa tukuna. Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Akwai ɗaci, amma ba irin mai kama maƙogwaro ba, a bayansa kuma wani ɗan tsami mai daɗi kamar na tsamiyar biri, ƙamshin kuwa ta hanci yake fita bayan ka haɗiye. Alhaji, mai cewa goro ya ishe shi, shiru ya yi, can ya miƙa kofi a ƙara masa.

Na tambayi tsohon inda ya koya. Ya ce yana saurayi ya yi aikin gida wurin wani Bature mai gona a kusa da Fumbot, kukun gidan ne ya nuna masa. Ya ce ubansa ya yi shekara da shekaru yana noman gahawa bai taɓa ɗanɗana ta ba. "Ɗana, wa ke cin kuɗi? Kana ganin duk ƙwayar da ka soya, ka rage nauyin buhu ke nan." Da kuɗinta ya yi rufin kwano, da shi ya sa 'ya'ya a makaranta, da shi ya je Makka. A wancan zamani ƙungiya ke kawo taki da maganin feshi bashi, gwamnati ta yanke farashi, manomi ya san abin da zai samu tun kafin ya tsinka.

Sauran labarin na san shi a takarda, amma ban taɓa jin sa daga bakin wanda ya faɗa wa ba. A watan Yuli na 1989 yarjejeniyar da ke ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ta rushe, farashi ya faɗi warwas a kasuwar duniya. A 1991 aka rufe hukumar ONCPB mai sayen amfanin gona, aka ce kowa tasa ta fisshe shi. Tallafin taki ya tsaya. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, takin da ake shigowa da shi ya yi tsadar da manomi ba ya iyawa. Ƙasar da a shekarun 1980 take tara sama da tan 100,000 a shekara, a farkon shekarun 2020 ko tan 40,000 ba ta kaiwa. Tsohon ya ce 'ya'yansa ne suka sare gonar, yana ji yana gani, kuma bai hana su ba. Tumatir wata 3 ka ga kuɗi, ga motocin Duwala da na Gabon suna zuwa har Fumbot su ɗauka. Gahawa kuwa sai ka dasa ka jira shekara 3 ko 4, ka samu sau ɗaya a shekara, mai sikeli ya faɗi abin da ya ga dama. Ya roƙe su su bar masa na bayan gida, gindi kamar 200, a inuwar ayaba da fiya. "Waɗannan nawa ne. Ran da aka binne ni, a saka gatari."

Ni dai a ganina 'ya'yan ba su yi wauta ba, mai iyali ba ya ciyar da su da tarihi. Amma abin da ya dame ni shi ne, da a ce mutanen ƙasar nan suna shan abin da suke nomawa, da faɗuwar farashi a Landan da Niyok ba ta kai su ƙasa gaba ɗaya haka ba. Habasha tana shan kusan rabin gahawar da take nomawa, ko kasuwar waje ta juya baya manomi na da mai saye a ƙauyen gaba. Mu kuwa an koya mana ta a matsayin abin buhu, mu ma malamai haka muke rubuta ta a allo, a layin abubuwan da ake fitarwa. A 2024 farashin gahawa ya yi tashin da aka daɗe ba a ga irinsa ba a duniya, na tuna da kututturen nan na cikin kunyoyin tumatir.

Da za mu tafi na ciro kuɗi, ya ɓata rai ya ce gidansa ba kafeteriya ba ce. Sai na ce to ya sayar mini da tsaba. Wannan ya yarda, ya auna mini kilo 3, ya ƙara cikin tafi biyu gyara, ya kuma ciro mini reshe guda da 'ya'yansa ya ce in kai wa yaron. Mun isa kasuwar Fumbot rana ta yi, tumatir mai kyau ya ƙare, Alhaji ya sayi na baya-baya yana ta mita har Banyo. Ranar da muka iso Banyo ma ba ranar kara ba ce.

Da na komo Tibati na kai wa ɗan yayata tsabar, na nuna masa suya kamar yadda na gani. Kaskon farko mun ƙona shi. Na biyu ya yi. Ya ce, "Kawu, in ba a saya ba kai za ka biya gawayin." Ya sa kofi sefa 100, daidai da na gwangwani. Mutanen gari suka kurɓa suka yamutsa fuska, wani ya ce magani ne, wani ya ce a ƙara madara, wani ya ce a ba shi irin wadda ya saba. Waɗanda suka karɓe ta direbobin manyan motoci ne masu tafiyar dare, musamman 'yan Cadi, su ne ma suka ce ya riƙa jefa citta. Kilo 3 ɗin ya yi masa wata guda da 'yan kwanaki. Da ta ƙare wani direba ya tambaye shi har sau biyu, shi ne ya zo ya same ni a gida yana sosa ƙeya, wai yaushe Alhaji zai sake komawa.

Reshen kuwa ya bushe kafin a koma makaranta, 'ya'yan sun yi baƙi. Haka na kai shi aji na ɗora a tebur tare da tsaba ɗanya da soyayya, aka yi ta miƙawa hannu-hannu ana sunsunawa. Yaron nan ya jujjuya ƙwayar, ya ɗaga hannu kuma. Na ce, "Mene ne yanzu?" Ya ce, "Malam, to koko fa?"